Ƙarfin Doki Nawa, Kuma Na Tsawon Wane Lokaci?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina rubuto maka ne kan alƙaluman ƙarfin doki, wato ma'aunin ƙarfin inji, da ake bugawa a labaran motocin lantarki. Sau da yawa lamba ce tsirara, ba a faɗin yadda aka auna ta, kuma wannan yana ɓatar da mai karatu.

Injin fetur yana da sauƙin awo. A ɗaura shi a kan dainamomita, na'urar da ke riƙe shi tana auna ƙarfin murɗawarsa da saurin juyawarsa, a taka shi har ƙarshe, lambar ta tsaya. Ko shi ma sai da aka sha gardama: a 1972 kamfanonin Amurka suka koma auna inji da dukkan kayansa a jikinsa, nan take alƙaluma suka faɗi alhali injunan da yawa ba su sauya ba.

Motar lantarki ba ta tsayawa haka. A ɗora tayoyinta a kan gangunan ƙarfen na'urar a taka, za ta ba da ƙarfi mai ban mamaki na ɗan lokaci, sannan batir da injin su ɗau zafi, kwamfutar motar ta rage wuta don kare su. Batir cike da caji daban, wanda ya kusa ƙarewa daban, mai sanyi kuma daban. Ga kuma batun inda aka auna: a bakin inji ne ko a taya, bayan giyar motar ta ci nata kaso? Mota mai inji biyu ma ba a tara ƙarfinsu kawai, domin ba sa kai ƙololuwa lokaci guda. Toyota Prius ta 2010 tana da injin fetur mai doki 98 da na lantarki mai doki 80, amma jimillar ƙarfinta 134 ne, ba 178 ba.

Ba wai babu ƙa'idoji ba. Doka ta 85 ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana auna mafi girman ƙarfi da kuma wanda injin zai iya riƙewa na minti 30, shi ya sa lambar da ke takardar rajistar wasu motoci a Turai ta yi ƙasa sosai da ta talla. Ƙungiyar injiniyoyi ta SAE ta fitar da J2908 a 2017, ƙungiyar tsara ƙa'idoji ta duniya ISO ta fitar da 20762 a 2018, sai ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta GTR 21 a 2020, wadda ta bambanta ƙarfin daƙiƙa 2 da wanda ya saura zuwa daƙiƙa ta 10. Matsalar ita ce kowa da mudunsa, kuma mai talla ya san wanda zai ɗauka.

Abin yana damuna ne saboda wanda zai ja kaya ko ya hau doguwar gangara ba ƙarfin daƙiƙa biyu yake bukata ba, ga shi a wasu ƙasashe haraji da inshora na bin wannan lambar. Ina goyon bayan hukumomi su tilasta gwaji guda, da ƙayyadadden caji da zafin batir.

Kafin a kai can, ranka ya daɗe, ina roƙon wakilanku su riƙa tambayar kamfani da wace ƙa'ida aka auna, kuma su buga lambar a ma'aunin ƙarfi na kilowat tare da tsawon lokacin da motar ke iya riƙe ta.

Na gode.
Daga mai karanta jaridarku a kullum.