Amsa ga matashin da ya tambaye ni ko waya ta kashe dillanci

Assalamu alaikum, ɗana.

A shirin rediyon da aka gayyace ni makon jiya, ka bugo waya ana dab da rufewa, ka ce: "Baba, tunda yanzu manomi yana jin farashin kasuwar hatsi ta Dawanau daga gonarsa, kuɗinsa kuma su iske shi ta waya, me ya rage wa dillali in ba cin la'adar banza ba?" Lokaci bai bar ni na ba ka amsa ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuto maka a fili, tunda a fili ka yi tambayar.

Rabin maganarka gaskiya ce, kuma ba zan ɓoye ba. Kafin watan Agustan 2001, lokacin da kamfanonin wayar salula MTN da Econet suka fara aiki, layukan tarho na NITEL a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma kusan dukkansu suna ofisoshin gwamnati da gidajen masu hali. A wancan zamani babbar hajar dillali ita ce labari. Da asuba mukan tare direbobin da suka kwano a hanya daga Legas ko Onica, mu saya musu shayi, mu ji nawa wake ya kwana a can, kuma wanda ya riga kowa ji shi ne mai ribar ranar. Baƙauye kuwa yakan sauke kayansa bai san komai ba, a taya masa, ya ce albarka sau biyu don kada a raina shi, a na uku ya sallama. Wani kaso na abin da muka ci a lokacin, Allah Ya yafe mana, daga rashin sanin mai kaya ya fito. Da farko waya ba ta taɓa wannan ba, domin layi kaɗai yakan kai naira dubu ashirin, amma bayan Glo ya shigo a 2003 da cajin kira daƙiƙa-daƙiƙa, farashi ya yi ta sauka har waya ta shiga aljihun ɗan dako. Yau mai riɗi ba ya ɗora buhu a mota sai ya kira mutum uku a kasuwa. Wannan ƙofar ta rufe, ni kuma ba na kukanta.

Sai maganar kuɗi. Na yi zamanin lalita, na kuma ga fatake suna cusa damin kuɗi a tsakiyar buhun gero saboda 'yan kwanta-kwanta, sannan a wuni ana ƙirga takardu a ƙuryar shago ana lasar yatsa. Tura kuɗi ta waya ya ɗauke mana wannan fargaba, sai dai yawancin mutanenmu ba da son ransu suka shige shi ba. Canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 da Babban Banki ya sanar a watan Oktoban 2022 shi ne ya tura su, domin a farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace, har masu POS suna karɓar dubu ɗaya ko fiye a kan kowace dubu goma. A cikin watannin nan wani dattijo ya kawo mini buhu biyar na zoɓo, ba shi da asusun banki, wayarsa kuma ƙarama ce mai tocila. Da na ce za a tura masa kuɗin, sai ya dube ni ya ce shi bai san kuɗin da ba a jin nauyinsu a aljihu ba. Kwana biyu ya yi a zaurena kafin na harhaɗa masa tsoffin takardu. Bana da ya dawo, jikansa ne ya karanto mini lambar asusu.

To amma ga inda ka kuskure. Waya tana kawo farashi, tana kai kuɗi, ba ta kuwa zura hannu a cikin buhu. Hoton da ake turawa ta WhatsApp saman buhu yake nunawa, kuma kowa ya san mai algus a sama yake zuba mai kyau. Sai an soka ƙarfe a gindin buhu an zaro, an murza a tafin hannu, an ciza ƙwaya an ji ko da sauran danshi, an duba ƙwari da tsakuwa, kafin a san abin da ake saye. Ɗan kasuwar da ke Ibadan, wanda a da yakan zo da kansa ya yi mako a gidana, yanzu miliyoyi yake turowa yana zaune a shagonsa, ga kayan da bai gani ba, daga hannun manomin da bai sani ba. Dole wani ya tsaya a tsakani wanda za a kama idan tirela ta isa aka tarar da ƙasa a cikin kaya, kuma wannan lamuni shi ake biya la'ada a kansa yanzu. Nauyin ma ya ƙaru, domin sabon zamani ya zo da irin tasa cutar. Ni kaina an taɓa nuna mini alat na bogi da yamma, lokacin da sabis ke wahala, na bari aka yi lodi, washegari na tarar babu ko kwabo a asusu. Daga aljihuna na biya mai kayan, tunda ni ya sani, ba mai sayen ba.

Abin da nake jin zafinsa kawai shi ne zaurena ya yi shiru. Akwai waɗanda muka shekara biyar muna ciniki ban taɓa ganin fuskarsu ba, alhali iyayensu sun ci tuwon gidana sun halarci sunan 'ya'yana.

Idan ka sami sarari, ka zo Dawanau da hantsi ka tambayi layin 'yan wake. Zan ajiye maka buhu biyu da ƙarfen sokawa, ka ɗauki hotonsu da wayarka yadda kake so, sannan ka gaya mini wanne ne na bara.

Naka,
wani tsohon dillalin hatsi, Kano.