Ina Kano wajen sari, shagona yana zubewa a Bauchi

Assalamu alaikum Anti. Ya aiki, ya jama'a? Allah ya saka miki da alheri bisa yadda kike sauraron damuwar mutane. Don Allah idan za ki karanta wannan wasiƙa a cikin shiri kada ki ambaci sunana ko layin da shagona yake, domin 'yan kasuwar Bauchi duk mun san juna, kuma dangin maigidana ba sa wuce shirinki.

Ni matar aure ce da yara, ina da shagon atamfa da leshi da shadda da mayafai a Kasuwar Wunti. Tun da na dawo daga Kano makon jiya ban yi barcin kirki ba, abinci ma sai na tilasta wa kaina. An ci mutuncina a gaban maƙwabtan shago a kan abin da ban ji ba ban gani ba, na dawo gida ina neman wanda zai ce mini sannu, sai aka ce ni ce mai laifi.

Akwai wata baiwar Allah, tsohuwar kwastomata ce daga Fadamar Mada, tana haɗa lefen ɗanta. Ta zo muka zauna muka zaɓi kaya ɗaya bayan ɗaya, ta ba da kafin alƙalami naira dubu 400, sauran sai ƙarshen wata. Da hannuna na ninke kayan na zuba a buhun bakko, na ɗaure bakinsa, na rubuta sunanta a jiki da maka, na tura ƙarƙashin kanta. Na ce wa yaron da ke tsaron shagon ko da wasa kada ya taɓa buhun nan. Washegarin dawowata ta zo da ƙanwarta za su ɗauka. Ina kwance buhun na ga ɗaurin ba nawa ba ne. Leshi biyu masu tsada babu su, an cusa wasu masu araha a madadinsu, har kalar ba ta zo ɗaya ba, ita ruwan zuma ta zaɓa, abin da muka tarar ruwan ƙwai ne. Anti, matar nan ta ɗaga leshin sama a bakin shago tana nuna wa masu wucewa, tana cewa na raina mata wayo, na karɓi kuɗin mai kyau zan ba ta na banza. Ƙanwarta ta kira ni macuciya. Ni da na shekara da shekaru a kasuwar nan ba a taɓa jin kaina da kowa ba.

Yaron da nake magana ƙanin maigidana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ni na nemo shi ba, wannan ina so a sani. Da can wata yarinya ce 'yar maƙwabtanmu take zauna mini, mai amana ƙwarai, ko naira biyar ta rage a ciniki sai ta rubuta. Aure ya ɗauke ta zuwa Azare. Ina cikin neman wata sai Hajiyarsu ta kira ni ta ce ga autanta ya gama sakandare yana zaman majalisa, in riƙe shi ya koyi kasuwa. Wace suruka ce za ta ce wa uwar mijinta a'a a kan irin wannan? Na karɓe shi hannu biyu. Abincin rana daga gidana ake kai masa, ina ba shi na kashewa duk mako, ɗinkin sallarsa ma daga shaddar shagon nake yankar masa.

Bari in koma baya kaɗan don ki gane dalilin tafiye-tafiyen, saboda yanzu su ake ɗora wa laifin komai. Daga ɗaki na fara wannan sana'a, da kuɗin adashi da ɗan kunnen zinaren da mahaifiyata ta bar mini. Turmi kaɗan nake ɗauko wa a wajen wani mai shago a nan Bauchi, in ɗora ɗan abin da ya samu, in kai gidajen biki. Ribar ba ta wuce ta sabulu. Sai da na fara zuwa Kantin Kwari da ƙafata sannan na san ana samu a atamfa. Shi maigidan ya ɗan ƙara mini wani abu lokacin kama shago, ban musa ba, amma abin bai taka kara ya karya ba, kuma na daɗe da mayar masa da ninkinsa a cefanen gida.

Mutane suna cewa ai yanzu zamani ya zo da sauƙi, ki zauna a shago a turo miki hotuna ta WhatsApp, ki tura kuɗi, a ba direba kaya ya kawo miki tasha. Masu faɗin haka ba su san yadi ba. Hoto ba ya nuna nauyin shadda, ba ya nuna ko atamfa za ta zuba in ta ji ruwa. Leshi sai kin ɗaga shi a hasken rana, kin murza bakinsa da yatsa, kin duba bayan aikin ko zare yana tsinkewa. Fitilar shagunan Kwari kaɗai tana canza wa kaya kala, balle kyamarar waya. Sannan wanda ya yi oda daga nesa ragowar zaɓe ake tura masa, sabon zane kuwa wanda yake tsaye lokacin da aka fasa dila shi ke kwashewa. Uwa uba maganar bashi: manyan 'yan kasuwar can suna ba ni kaya in biya rabi, in cika bayan na sayar, kuma fuskata suka sani, zuwan da nake yi ne ya jawo wannan yardar. Zuwa da kai ya fi aike, Hausawa ba su faɗi ƙarya ba. Tun da Naira ta karye, Dala ta haura 1,500 a farkon 2024, farashi a Kwari yakan canza tsakanin safe da yamma, in ba kina wurin kina ciniki da bakinki ba, abin da aka ga dama shi za a rubuto miki.

Kuma ba yawon shaƙatawa nake zuwa ba. Bayan sallar asuba nake shiga mota, mu bi ta Kafin Madaki, Ningi, Birnin Kudu, Wudil, in Allah ya kiyaye hanya mu shiga Kano wajen azahar. In wuni a tsaye daga wannan gida zuwa wancan, ina bin ɗan dako a cikin cunkoso don kada kaya su ɓace mini. A gidan goggona nake kwana a Gwammaja, ƙanwar mahaifina ce, shi ma maigidan ya san gidan, ya sha kwana a can. Da can ina zuwa akai-akai in juyo washegari. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na kaya suka tashi, sai na ga gara in rage yawan zuwa in ƙara kwana. In gama da Kwari, in shiga Sabon Gari in haɗo takalma da jakunkuna, tunda masu lefe sun fi son su samu komai a wuri ɗaya. To wannan ƙarin kwanan shi ne ya ba yaron nan fili.

Ba wannan ne karon farko da na ga alama ba. Maƙwabcin shagona, dattijo ne mai sayar da huluna, ya taɓa ja na gefe ya ce in dai ba na gari shagon ba ya buɗewa sai rana ta take, kuma ranar da ake ƙwallo tun la'asar ake sa kwaɗo. Wata kwastoma ta nuna mini a wayarta cewa ta biya kuɗin turmi biyu, na duba sunan da ya fito, asusunsa ne. Da na tambaye shi sai ya ce, "Matar Yaya, ranar POS ɗin ne babu netwok, na karɓa a nawa, ai na zuba a ciniki." A wane shafi? Littafin cinikin ma in kin gani sai ranki ya ɓaci, wani wuri an goge, wani wuri an rubuta "bashi" babu sunan mai bashin. 'Yan matan da ban taɓa gani ba suna zuwa su ce Anti ga cikon kuɗin mayafi. Ga sabuwar waya a hannunsa wadda ni mai shagon ban riƙe irinta ba, wai abokinsa ne ya ba shi aro. Duk na haɗiye saboda zaman lafiya.

Ranar da abin lefen nan ya faru ban ce masa ɓarawo ba, Allah ne shaidata. Cewa kawai na yi ina leshin mutane, kuma ina kuɗin da aka sayar da su. Gaskiya ne a gaban jama'a na tambaya, amma ai a gaban jama'a aka tozarta ni, a ina ake so in tambaya? Sai ya ce wata ce ta zo ta matsa tana so, ya ga ciniki ne bai kamata ya wuce ba, ya yi niyyar faɗa mini ya manta. Ya ajiye mini makulli a kan kanta ya fice. Kafin in isa gida labari ya riga ni, an gaya wa Hajiya wai na tara masa 'yan kasuwa na kira shi ɓarawo. Har yau in na gaishe ta da ƙyar take amsawa.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne maigidana. Ko sau ɗaya bai tambayi nawa na yi asara ba. Cewa ya yi, "Ke kika jawo. Mai shago ba ya barin shago. Daga yau maganar Kano na soke ta." Na ce to kayan fa, daga sama za su riƙa faɗowa? Anti, kin san amsar da ya ba ni? Wai in dai sai an je da ƙafa, in riƙa ba ƙanin nasa kuɗin ya je ya saro, ni in zauna a shago, tunda shi namiji ne. Wanda bai iya tsare buhu ɗaya a ƙarƙashin kanta ba shi zan damƙa wa jarina ya shiga Kwari da shi? Ni tun a nan zuciyata ta fara raya mini cewa an daɗe da shirya maganar nan, so ake a hankali shagon ya koma hannunsu, ni in zama 'yar tsaro. Har ya fara cewa ai da kuɗinsa aka kama shagon. Ya manta farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da albashinsa ya maƙale a banki, ya wuni a layi ya dawo hannu rabbana, da ɗan tsabar kuɗin da ke shigowa shagon nan muka ci abinci, har gidan Hajiyar nake aika cefane. Kuɗin makarantar yara na zangon da ya wuce ma ni na cika. Ba gori nake yi ba, amma abin da ciwo.

Ni ban taɓa fita ba da izininsa ba, kuma ina tsoron Allah a kan haƙƙin aure. Na san yaran ma suna jin rashina in na yi tafiya, ƙaramar takan yi ta rigima, amma ƙanwata tana zuwa ta kwana da su, ba a taɓa barin su da yunwa ba. Na yi tunanin in riƙa rufe shagon gaba ɗaya duk lokacin da zan tafi, to amma kwastoma in ta zo sau biyu ta ga kwaɗo ta koma maƙwabta ke nan, ga kuɗin haya ba ya jira. Na yi tunanin in ɗauko ɗan yayata daga Darazo ya zauna mini, sai dai na san za a ce na kori nasu na kawo nawa. Wata ƙawata ta ce in sa kyamara a shago in riƙa kallo ta waya, wata ta ce in ƙirga kaya turmi-turmi a rubuce kafin in tafi, mai tsaro ya sa hannu. Duk na ji, amma ɗan gida za ka ce ya sa hannu a takarda a zauna lafiya?

Matar lefen na sayo mata wasu leshin a nan Bauchi da tsada, na cika daga aljihuna, ta karɓa amma ba ta ƙara ɗaga wayata ba, kuma a danginta kaɗai ina da kwastomomi da yawa. Ga azumi yana matsowa. Duk mai sayar da yadi ya san cinikin shekara a nan yake, kuma kaya sai sun iso da wuri, don teloli suna daina karɓar ɗinki tun azumi bai yi nisa ba. Ga mutumin da ya ba ni kaya bashi a Kwari ya fara kira, na yi masa alkawarin zan zo da kaina in cika masa in ɗauki sababbi. In na saɓa, yardar da na daɗe ina ginawa ta tafi.

Anti, ki ba ni shawara don Allah. Yanzu haka Hajiya ta aiko cewa yaron zai dawo shago ranar Asabar, wai ya haƙura ya yafe mini. In karɓe shi? In na ce a'a, ta yaya zan faɗa ba tare da aurena ya girgiza ba? Sannan ina tunanin in je in sami yayana, shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, ya zo ya zauna da maigidan a kan maganar Kano. Sai dai maigidan ya tsani a kai ƙararsa, zai iya cewa na tona masa asiri a gidanmu. In na je wajen yayan nawa na yi laifi? Ki taimaka ki amsa a shirin wannan makon kafin Asabar ɗin.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taki,
Wata 'yar kasuwa daga Bauchi