Wasiƙa zuwa ga ɗana da ke Jidda

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, ina sanar da kai cewa labarinka ya iso mini nan Madina, kuma ba daga bakinka ba. An ce sau biyu kofin shayi yana suɓuce maka daga hannun dama, magana kuma takan sarƙe maka a tsakiyar zance, amma ka ce gajiyar tuƙi ce, har ka hana matarka faɗa wa kowa.

Ka manta abin da likita ya zaunar da mu ya faɗa ranar sallama daga asibiti, bayan an yi maka dashen ƙoda? Magungunan tacrolimus da mycophenolate da kake sha safe da dare suna danne garkuwar jikinka ne don kada ta far wa ƙodar, kuma wannan dannewar ce ke buɗe wa ƙwayoyin cutar da suka daɗe kwance ƙofa. Akwai wadda ake kira JC, wadda mutane da yawa ke ɗauke da ita tun ƙuruciya ba ta yi musu komai ba, amma idan garkuwa ta yi rauni takan haura ƙwaƙwalwa ta riƙa cinye rufin jijiyoyi, sai hannu ya mutu, harshe ya yi nauyi, gani ya dushe, sau da yawa ko zazzaɓi babu. Ba ta da maganin da ke kashe ta, sai dai likitoci su rage magungunan danne garkuwa suna fargabar kada jiki ya ƙi ƙodar. Ita ce take hana ni barci.

Na san baffanninka har yau suna cewa ni na matsa aka yi dashen. Na matsa, domin su ba su raka ka wankin ƙoda sau 3 a mako ba. Daga jikina aka ciro ƙodar nan, saboda haka ba ka da ikon yin ganganci da ita, balle da kanka. Ɓoye ciwo wauta ce, kuma ban haifi wawa ba.

Ka yi haƙuri da zafin harshena. Mai yiwuwa ba JC ba ce, yawan tacrolimus ne a jininka, ko wata ƙwayar da ke jin magani idan an kama ta da wuri, kamar ta ƙarambau. Gobe ka je wurin likitocin dashe, a yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI, ko ruwan ƙashin baya suka ce za su ɗiba ka yarda. Kada ka rage ƙwaya ko ɗaya da kanka, kada kuma ka tuƙa mota zuwa can.

Zan jira kiranka bayan Magariba. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka