A Riƙa Yi Wa Majinyata Bayani Kafin A Sa Su Cikin Sikana

Malam Edita, assalamu alaikum.

Makon jiya na raka Innata ɗaukar hoton ciki da sikana a nan Damagaram. Ta kwana ba barci, don maƙwabta sun ce injin yana ƙona mutum. Babu wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani.

Ga abin da muka gani. An fara duba jininta don a san lafiyar ƙoda, saboda ruwan da ake ɗurawa ta jijiya don hoton ya fito sosai, ta ƙoda yake fita. Da ruwan ya shiga sai ta ji ɗumi ya ratsa ta, bakinta kamar ta tsotsi ƙarfe, har ta zaci fitsari ya kubce mata. Ashe haka yake yi wa mutane da yawa, kuma nan da nan yake wucewa. Aka ce ta riƙe numfashi kaɗan, shi ke nan. Ta fito tana hamdala, hannunta na rawa cikin nawa.

Mai juna biyu ta faɗa tun a ƙofa, domin sikana haske irin na radiyo, wato hoton ƙashi, take amfani da shi. IRM kuwa, wata na'urar ɗaukar hoton jiki ta daban, maganaɗisu ce mai ƙara, sai an cire ƴan kunne da awarwaro.

Don Allah likitocinmu, ku faɗi wannan da Hausa, a asibiti da gidajen rediyo.

Mai karatunku,
daga unguwar Birni, Damagaram