Kafin A Ɗora Wa Ruwan Sama Laifi, A Duba Agogon Modem

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in ja hankalin matasanmu masu girka na'urorin tauraron ɗan Adam a Kaduna, musamman masu haɗa turakun waya na karkara irin su Birnin Gwari da Giwa. Da layi ya fara tsinkewa, sai a ce damina ce, ko a hau sama a yi ta juya faranti. Alhali sau da yawa siginar sama lafiya lau take. Matsalar tana bayan modem, na'urar da ke aika bayanai sama ta kuma karɓo su, inda ake jona shi da rauta mai rarraba bayanai ko kayan E1, wato layin dijital na kamfanonin waya.

A mahaɗar V.35 ko RS-422, wato nau'o'in jonin da ke haɗa modem da rauta, bayanai ba sa tafiya su kaɗai. Akwai waya daban mai ɗauke da bugun agogo, ita ke gaya wa mai karɓa lokacin da zai karanta kowane bit, wato ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta. Kowace waya da sunanta: SD ke kai bayanai cikin modem, RD ke fito da su tare da agogonsa RT. A wajen aikawa kuwa hanya biyu ce: ko modem ya ba da agogo ta ST, ko rauta ta turo nata ta TT. Dole ɗaya ya ja, ɗaya ya bi. In aka bar kowa a kan agogonsa na ciki, za a ga fitila kore, amma kurakurai na taruwa.

Ga lissafin. E1 na gudun kilobit 2,048 a daƙiƙa, firam 8,000, wato ƙunshi-ƙunshin bit, ke wucewa kowace daƙiƙa. In agogo biyu suka saɓa da kashi ɗaya kacal cikin miliyan, firam ɗaya zai zame duk bayan daƙiƙa 125. To ina ga kashi 50 cikin miliyan, wanda G.703, ƙa'idar layin E1, ta yarda da shi? Alamar wannan ciwo ita ce kuskuren da ke dawowa a kan lokaci tsayayye. Ruwan sama ba ya haka.

Tsawon waya ma abin lura ne, kuma an fi mantawa da shi. Bit ɗaya a wannan gudun nanosakan 488 ne (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa), waya kuma tana cin kusan nanosakan 5 a kowace mita. Agogon ST ya je, bayanai su dawo: a mita 25 an riga an ci rabin bit, sai modem ya riƙa karatu daidai lokacin da siginar ke sauyawa. Maganin shi ne rauta ta maido da agogon ta TT, ya taho tare da bayanan. Juya agogo a saiti yana taimakawa, amma faci ne.

Sai ma'ajiyar karɓa, inda modem ke ɗan tara bayanan da suka sauko kafin ya miƙa su gaba. Tauraro yana nisan kilomita 35,786, kuma ba a kafe yake ba, yana ɗan kai-kawo kullum, don haka agogon da ke saukowa yana ɗan sauri, yana ɗan jinkiri. Ma'ajiyar ce ke shanye wannan bambanci. A tashar ƙauye a sa modem ya aika da agogon da ya karɓa daga sama, babbar tasha ta zama ita ce tushe, a can kuma a buɗe ma'ajiyar, a mayar da ita tsakiya, wato rabin cika, bayan kowane gyara.

Ina fata makarantunmu na fasaha za su sa ɗalibai su gwada wannan da hannunsu, da modem biyu da na'urar ƙirga kurakurai.

Wassalam.
Daga wani ma'aikacin sadarwa, Tudun Wada, Kaduna.