Kafin ka sayi haibirid ta hannu, ka leƙa gefen kujerar baya

Ya Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a wannan jarida domin mu yi magana da masu niyyar sayen motar nan mai haɗa inji da batir, wadda aka fi sani da haibirid, da kuma waɗanda suka riga suka saya. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 idon jama'a ya koma kanta. Dillali yana cewa ba ta shan mai, wani makanikin kuma yana cewa kada ka kuskura, ba ta gyaruwa. Dukkansu sun bar mai saye cikin duhu. Motar tana da kyau kuma tana gyaruwa, amma abu biyu ne ke kashe ta a ƙasarmu: zafi da ƙura a gefe guda, sai kuma taɓa ta kamar yadda ake taɓa kowace mota.

Mu fara da shan man, tunda shi ne ya kawo kowa. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, Toyota Prius ƙirar 2010 zuwa 2015 tana cin kusan kilomita 21 da lita ɗaya, ta 2004 zuwa 2009 kusan 19, Camry haibirid ta 2007 zuwa 2011 kusan 14, alhali 'yar'uwarta mara babban batir tana wajen 10. Wannan lissafin lafiyayyar mota ne. Ribar tana fitowa ne a cikin gari, inda inji ke mutuwa da kansa a cunkoso, birki kuma ke mayar da wuta cikin batir. Wanda aikinsa Kano zuwa Abuja ne yana taka 140, inji ne ke ɗauke da shi kusan duk tafiyar, kuma ribarsa za ta ragu sosai. Irin wannan mutum ya yi lissafi da kyau kafin ya biya ƙarin kuɗin.

Babban batirin shi ne rabin cinikin. A Prius ɗin da muka ambata, yana kwance bayan kujerar baya, ƙarƙashin but. A cikinsa akwai zubi 28, wato ƙananan batura da aka jera aka haɗa, kowane zubi volt 7.2, jimla volt 201.6. Camry tana da zubi 34, volt 244.8. Kwamfutar motar tana lura da su bibbiyu, wato rukuni 14 a Prius, 17 a Camry. Ba ta barin batirin ya cika maƙil ko ya ƙare ƙarƙaf, tana riƙe shi tsakanin kashi 40 da 80 cikin 100, shi ya sa yake daɗewa. Amma garantin da aka ba waɗannan motoci a yawancin jihohin Amurka shekara 8 ne ko mil 100,000. Motar 2010 da aka sauke a Kwatano ko Legas ta daɗe da wuce wannan, ga kuma watannin da ta yi a ajiye tsakanin filin gwanjo, jirgin ruwa da tashar kwastam, batirin yana zubar da wuta a hankali.

Saboda haka kada a sayi wannan mota da ido da kunne kawai. A nemi sikana. Ko ƙaramar na'urar OBD2 mai haɗuwa da waya ta isa, a soka ta a ƙasan sitiyari, a buɗe manhaja irin Dr. Prius, a ga volt ɗin kowane rukuni. A kunna motar har kalmar READY, alamar ta kunnu ta shirya tafiya, ta bayyana a allo, a ƙure esi, a kunna fitilu, a bar ta a P ana kallo har inji ya tashi da kansa. Sannan a fita da ita tafiyar minti 20, a taka totur sosai sau biyu ko uku. Idan rukunonin suna hawa da sauka tare, tazarar babba da ƙarami ba ta wuce volt 0.3 ba, batirin yana da sauran rai. Idan ɗaya yana faɗuwa ya bar 'yan'uwansa da kusan volt 1.2, ƙwaya guda daga cikin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi zubi ta mutu a cikinsa, domin ƙarfin ƙwaya ɗaya ke nan. Ko babu sikana akwai alamu: layukan batir a allo su cika su zube cikin minti ɗaya ko biyu, inji ya ƙi mutuwa a tsaye, fanka ta riƙa huci a baya kamar ana hura wuta. Lambar matsala P0A80 kuwa, in sikana ta nuna ta, ma'anarta batirin ya gaza. Mai wayo yana goge ta kafin ka zo, amma sikana tana nuna ko kwanan nan aka yi sharar, sai ka tambayi dalili. A kuma bincika lambar VIN, wato lambar shaidar motar mai harafi da lamba 17, a Carfax, shafin intanet mai ajiye tarihin motoci, domin a san ko motar ambaliya ce, ko an mayar da mita baya.

Yanzu ga abin da ya sa muka rubuto. Batirin nan ba ruwa ke sanyaya shi ba, iskar cikin mota ce. A Prius, gefen dama na kujerar baya, kusa da ƙofa, akwai wata 'yar raga da ba ta fi tafin hannu ba. Ta nan fanka ke zuƙo iska ta hura wa batir. Duk wanda ya taɓa kwance wannan fanka bayan hunturu biyu ko uku ya san abin da ake tararwa: jar ƙura ta daskare a kan fukafukanta kamar an yaɓa laka, haɗe da zaren darduma da gashi, har sai an sa buroshi an kankare. Fanka tana juyawa, iska ba ta wucewa. Zubin da ke tsakiyar batir, waɗanda dama sun fi ɗaukar zafi, su ke fara kumbura. Mai mota bai ga komai ba sai ranar da jan alwatika, fitilar gargaɗi, ya kama a allo.

Maganin bai kai kuɗin tankin mai ba. A cire fankar a wanke sau ɗaya a shekara, mafi dacewa a ƙarshen hunturu kafin bazara ta shigo. Wanda ke bin hanyar da ba kwalta ya yi sau biyu. Kada a toshe ragar da jaka, filo, rigar kujera ko babbar rigar fasinja. Masu ɗinka rigar kujera su ji wannan da kyau, domin sau da yawa su ne ke rufe ta da leda mai kauri saboda ado. Sannan a daina kashe esi don tsimin mai. A Afrilu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, esin da ke sanyaya ka shi ne ke sanyaya batir, kuma ɗan man da ka adana ba zai saya maka zubi ko ɗaya ba. A nemi inuwa wajen ajiyewa. Idan motar ta wuni a rana, a sauke gilasai zafin ya fita kafin a kama hanya.

In batirin ya riga ya gaza, abin da aka fi yi a garejinmu shi ne a zare zubin da ya mutu a sa wani. Yana aiki, amma na ɗan lokaci. Sabon zubi yana ɗaukar amfiya-awa 6.5, tsofaffin da ke cikin motar wataƙila rabin haka suka rage, kuma ba daidai da juna ba. Ka sa mai ƙarfi cikin raunana, ko rarrauna cikin masu dama-dama, kwamfuta za ta sake ganin tazara, bayan 'yan watanni fitila ta dawo. Gyaran gaskiya shi ne a auna ƙarfin dukkan zubin ɗaya bayan ɗaya, a yi musu caji da saukewa, a haɗa masu kama da juna. Wannan aikin kwanaki ne, duk wanda ya ce zai gama maka shi kafin la'asar ba shi ya yi ba. A kuma duba 'yan farantan jan ƙarfe da ke haɗa zubin, domin suna yin koren tsatsa har su sa lafiyayyen batir ya yi kama da matacce. A wanke su ko a canza, a ɗaure notinsu da ma'auni a kan 5.4 Nm. Ɗaurin ƙarfin hannu yana karya kan zubi, sako-sako kuma yana haifar da zafi.

Muna roƙon 'yan'uwanmu masu gyara da Allah su kiyaye rayukansu. Duk waya mai ruwan lemo a wannan mota tana ɗauke da wutar da ke kisa, kuma a Prius ƙirar 2010 inbata, na'urar da ke sarrafa wutar babban batir, tana ɗaga ta har volt 650. A kashe mota, a nisanta makulli, a cire kan ƙaramin batirin volt 12, a sa safar roba mai jure volt 1,000, a zare filogin tsaro mai ruwan lemo a sa shi a aljihu, a jira minti 10, sannan a auna da mita kafin a taɓa. Yaron gareji ba ya koyon wannan da gwaji.

Wani wurin da ake yawan kashe motar shi ne wajen mai esi. Kwamfuresarta ta lantarki ce, waya mai babbar wuta tana cikin man da ke yawo a cikinta. Man da aka yi mata shi ne ND-11. Idan aka zuba irin na sauran motoci, ko aka yi amfani da tiyon da ya riga ya jiƙe da shi, wuta tana fara zurarewa, lambar P0AA6 ta fito, mota ta ƙi shiga READY. Wanke wannan kuskure yakan kai ga canza kwamfuresa da abin da ke biye da ita. Ka tambayi mai esi irin man da zai sa tun kafin ya buɗe bonet.

Haka ma ruwan sanyaya. Tanki biyu ne, na inji daban, na inbata daban, kuma dukkansu ruwan sanyaya na Toyota mai launin ruwan hoda suke so, ba ruwan rijiya ko na leda ba. Ka buɗe murfin tankin inbata mota tana READY: in ruwan yana motsi famfon yana aiki, in ya tsaya cik famfon ya mutu, abin da aka san ƙirar 2004 zuwa 2009 da shi, lambarsa P0A93. Ci gaba da tafiya a haka ƙona inbata ne. Ita kuwa ƙirar 2010 zuwa 2015, rauninta yana wajen bututun EGR mai mayar da hayaƙi cikin inji. Baƙin toka yana toshe shi, inji ya riƙa zafi ba daidai ba, daga nan gasket ya ƙone. Alamarsa girgiza mai ƙarfi da ƙwanƙwasa na 'yan daƙiƙu in an tayar da safe, da ruwa mai raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba. Wanda ya sayi wannan ƙirar ya sa a kwance bututun da manifol a wanke tun a watan farko. Baƙin manta 0W-20 ne, lita 4.2 da filta. Mai kaurin nan 20W-50 da aka saba zubawa kowace mota bai dace da injin da ke mutuwa yana tashi sau ɗari a yini ba. A riƙa duba sandar mai kowane mako biyu, domin da yawansu suna shan baƙin mai in sun tsufa. Man giya ATF WS ne, lita 4 ta isa canji.

Motar ba ta da kik kuma ba ta da altaneta. Ƙaramin batirin volt 12, wanda a Prius yake cikin but ta dama, aikinsa ya tayar da kwamfutoci kawai, kuma ba ya samun caji sai a READY. Zama ana jin rediyo ba tare da READY ba yana kashe shi. In ya yi rauni allo yakan cika da fitilun ƙarya, don haka a fara auna shi kafin a yanke wa babban batir hukunci. In za a yi mata jam kada a juya wayoyi ko na ƙiftawar ido, kuma kada a tayar da wata babbar mota da ita.

A cunkoso a bar giya a D ko P, domin a N batir ba ya caji. Kada a bari mai ya ƙare a ci gaba da lallaɓawa da batir, in ya zube ƙasa da ƙima inji ba zai sake tashi ba sai da caja ta musamman. In ta lalace a hanya a ɗora ta kan babbar mota gaba ɗaya, jan ta da igiya tayoyin gaba suna ƙasa yana haifar da wuta a cikin giya. Da damina a guji kududdufi mai zurfi, tsayinta daga ƙasa kusan santimita 14 ne kawai. Mai tafiyar wata guda, kamar alhazai, ya bar wanda zai riƙa sa ta a READY na minti 20 zuwa 30 kowane mako biyu, a fili ba cikin rufaffen gareji ba. Mai gyaran birki ya cire kan ƙaramin batir kafin ya zare kalifa, domin famfon birkin yana iya tashi da kansa da an buɗe ƙofar direba, ya turo fistin waje. Kuma a tuna ba ta da ƙara in tana tafiya a hankali. A lungu, inda yara ke wasa a ƙofar gida da awaki kwance a ƙarƙashin mota, a zagaya a duba sannan a yi hon kafin a ja baya.

Kiranmu ga ƙungiyar makanikai ta NATA da hukumar bunƙasa harkar motoci ta ƙasa, NADDC, shi ne su kawo horon gyaran haibirid cikin harshen Hausa har garejin Kano, Kaduna, Katsina da Sakkwato, su kuma taimaka safar wuta da man ND-11 na gaskiya su samu a kasuwar kayan gyara.

Mun gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu gyaran wutar mota, Kano.