Farfaɗiya ba aljani ba ce, a duba ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum Malam Edita, dan Allah ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci min rai.

Ƙanena ya faɗi daga kan kabu-kabu nan cikin garin Tawa, ba hular kwano, kansa ya bugi kwalta. Aka ɗinke wurin muka ce alhamdulillahi an wuce. Bayan wata bakwai muna cin tuwon dare sai kawai ya sandare, ido ya juye, kumfa a baki, ƙafarsa saura kaɗan ta faɗa cikin garwashin shayi. Nan take gwaggonmu ta ce iska ce, wani ya ce sammu, aka shiga rubutu da turare da hayaƙi kusan shekara biyu, har akuyar innarmu ta tafi a wannan hidima, kuma abin da ya fi yi min ciwo shi ne ware masa kwano da moɗa da aka yi wai yawunsa na yaɗa cutar. Wallahi ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko ta taɓa jiki.

Wani lokotoro ne Allah ya haɗa mu da shi, tambayarsa ta farko: ya taɓa buguwa a kai? Ya tura mu Yamai, tafiyar sama da kilomita 500. Can aka fara yi masa EEG, wato a manna ƙananan wayoyi a fatar kai a ga yadda lantarkin ƙwaƙwalwa ke gudu. Sannan aka sa shi cikin IRM, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki mai kama da rami mai ƙara kamar ana daka, da maganaɗisu take aiki, shi ya sa har maɓallin wando da kuɗin ƙarfe sai da aka cire. Sikana kuma, wata na'urar hoton ce daban, da hasken X-ray irin na hoton ƙashi take ɗauka, ta fi sauri, ita ake fara yi in ana zargin jini ya taru. Da hoton IRM ya fito likitan ya ɗaga shi ya nuna min da bakin biro, ga tabo nan daidai gefen da ya bugu. Na yi shiru, hawaye suka zubo min.

Ya ce min sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro in ya taɓa ƙwaƙwalwa da doguwar naƙuda da ƙari da shanyewar ɓarin jiki duk suna iya barin irin wannan, mu kuwa sanƙarau ba baƙonmu ba ne duk rani. Wasu hotonsu kan fito lafiya lau amma ciwon na nan, su ma magani na yi musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai. Ƙanena Tegretol yake sha kullum, ya koma shagon ɗinkinsa, addu'a kuma ba mu bari ba.

Roƙona ga ma'aikatar lafiya, a rage wa talaka kuɗin hoton nan a kuma ƙaro likitocin ƙwaƙwalwa a jihohi, don kuɗin mota da masauki kaɗai sun isa su sa magidanci ya haƙura. Mu sai da yayyenmu da ke Abijan suka turo sannan muka iya tashi.

Naka,
Wani mai karatu daga Tawa